Sautin tasharmu yana da daɗi a FM amma yana sukar kunne a intanet: ina gyaran yake?

Ɗan Situdiyo, Kano:
Assalamu alaikum malamaina da iyayen gidana a wannan sana'a. Akwai wata matsala da ta tsaya mini a rai kusan wata biyu, na ga ya fi dacewa in kawo ta gabanku. Tashar da nake yi wa aiki ta fara watsa shirye-shiryenta kai tsaye ta intanet saboda 'yan'uwanmu da ke zaune a Saudiyya da Gana da Sudan, kuma ni aka ɗora wa haɗa layin. Abin da na yi shi ne na jawo sauti daga bayan na'urar da ke gyara shi kafin ya shiga injin watsa FM, na kai shi kwamfutar da ke tura shi intanet da kodek ɗin HE-AAC, wato manhajar da ke rage nauyin sauti don ya bi intanet, a kan kilobit 48 a daƙiƙa. Hujjata ita ce kowa yana yaba cikar sautinmu a rediyo, don haka na ɗauka shi ne mafi kyawun abin da muke da shi. Sai ga masu saurare ta waya suna cewa muryoyin sun yi kaushi, haruffan s da sh suna fita kamar ana suya a mai, kuma da an sa kiɗa mai kalangu sai komai ya cakuɗe. Na duba mita na ga sautin bai taɓa haura sifili ba, wato iyakar ƙarfin da kwamfuta ke iya ɗauka. Shin laifin kodek ne, ko kuwa kilobit ɗin ne ya yi kaɗan?

Malamin Lantarki, Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka nemi kuɗin ƙarin kilobit, ka koma wurin da ka jawo sautin, domin can ne tushen matsalar. Na'urar da ke gaban injin FM an ƙera ta ne don ta magance wasu takurori na FM kansa, waɗanda babu su a hanyar dijital. Na farko, doka ta kayyade kaɗawar zangon FM kada ta wuce kilohaz 75 ta kowane ɓangare, saboda haka dole a tsare ƙololuwar sauti da ƙarfi. Na biyu, FM yana da wani shuuu da ke yawaita a siraran sautuka, shi ya sa ake ɗaga ƙarfinsu kafin a watsa, akwatin rediyon mai saurare kuma ya sauke su. A Turai da Afirka ma'aunin wannan ɗagawa maikurosakan 50 ne, a Amurka kuma 75. Da ma'aunin 50, sautin da ke kilohaz 15 yana samun ƙarin ƙarfi na kusan desibel 14. Ka ga ke nan harafin s, wanda ƙarfinsa yake can sama, zai yi tsalle ya haura iyaka, sai na'urar ta danne shi, abin da ya rage kuma ta aske kansa kamar yadda wanzami ke bi da aska.

Wannan askin yana haifar da wasu sautuka na ɓarna da ba su cikin muryar asali. A FM kunne ba ya cika kama su, saboda saukewar da rediyo ke yi tana rage su, kuma masu ƙera na'urorin sun daɗe suna koyon yadda za su ɓoye su. Tun 1975 Bob Orban ya fito da na'urar gyaran sautin FM mai suna Optimod 8000 a Amurka, kuma tun daga lokacin ake ta gyara dabarar. Amma kodek ba ya bambance ɓarna da murya. Aikinsa shi ne ya yar da abin da yake ganin kunne ba zai ji ba, ya kashe 'yan kilobit ɗin da aka ba shi kan abin da ya rage. Idan ka cika masa sauti da ɓarnar aski, sai ya raba guzurinsa tsakanin muryar mai gabatarwa da shara. HE-AAC ma yana da wani hali na musamman: ba ya ɗaukar siraran sautukan sama yadda suke, yana sake gina su ne daga na ƙasa tare da ɗan bayanin da aka haɗa masa. Idan abin da aka ba shi ya riga ya gurɓata, ginin zai fito da ƙarar ƙarfe, wato suyar da masu sauraronka suke ji.

Ka kuma bincika ko mafitar da ka jawo tana sauke ɗagawar nan kafin ta ba ka sauti. Idan ba ta saukewa, to kana tura wa mutane sautin da aka ƙara wa tsini ba tare da wani abu a wayarsu da zai mayar da shi daidai ba.

Ɗan Situdiyo, Kano:
Allah ya saka da alheri Malam. Na je na duba, mafitar tana sauke ɗagawar, don haka wannan ɓangaren yana daidai. To batun mitar fa? Tun da bai haura sifili ba, na ɗauka babu sauran yankewa.

Malamin Lantarki, Zariya:
Mitar da kake kallo tana auna ɗigon samfurin da kwamfuta ta ɗauka ne kawai, wato gutsattsarin da take tsinta daga igiyar sauti sau dubbai a daƙiƙa, alhali igiyar sauti ta gaskiya tana iya hawa sama tsakanin ɗigo biyu idan aka mayar da ita sautin da lasifika za ta fitar. Bayan haka, kodek kansa yana sauya siffar igiyar, kuma sautin da aka aske kansa ya yi shafal shi ne ya fi saurin yin tsalle bayan an kwance shi a waya. Saboda haka abin da ya fita daga wurinka a sifili cif yana iya isa wayar mai saurare ya haura, wayar kuma ta sake yanke shi da nata askin marar tausayi. Wannan ne dalilin da ya sa ake auna abin da ake kira ƙololuwa ta gaskiya, inda mita ke ninka yawan samfurin aƙalla sau 4 don ta hango abin da ke tsakani, kuma ake barin sarari na desibel 1 ƙasa da sifili. A ƙaramin kilobit irin naka ni zan bar 2.

Tsohon Injiniya, Kaduna:
Na karanta bayanin Malam, kuma a kan aski ban da ja. Sai dai ina tsoron yaron nan ya fahimci cewa matse sauti gaba ɗaya abin ƙi ne, ya je ya cire komai ya tura sauti tsirara. Na yi shekaru ina aiki da gajeren zango da matsakaicin zango kafin FM ya yawaita, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne ka fara tambayar inda mai sauraronka yake zaune. Mutumin da ke jin ku ta waya ba a ɗakin da aka rufe da labule yake ba. Yana cikin adaidaita sahu, ko a rumfar kasuwa janareta na ruri a bayansa, ko yana ɗinki keke na ƙara, kuma lasifikar wayarsa ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Faifan CD yana iya ɗaukar tazarar kusan desibel 96 tsakanin sauti mafi ƙanƙanta da mafi girma, amma wannan bawan Allah tazarar da ke tsakanin hayaniyar da ke kewaye da shi da iyakar ƙarfin wayarsa 'yar kaɗan ce. Duk kalmar da ta faɗi ƙasa da hayaniyar ta ɓace masa. Idan baƙo a shiri ya sassauta murya a ƙarshen jimla, kamar yadda dattawanmu suke yi, to ƙarshen jimlar ya tafi, kuma sau da yawa a nan ma'anar take. Ɗana, kada ka raina na'urar matsi. Ita ce ke ɗauko maganar mai sanyin murya ta kai ta kunnen mai sayar da tumatir.

Malamin Lantarki, Zariya:
Allah ya ƙara lafiya Baba Injiniya, ban saɓa maka ba ko kaɗan, kuma na gode da ka ja hankalinmu. Abu biyu ne ake yawan haɗawa a suna ɗaya. Akwai matsi, wanda yake rage tazarar da ke tsakanin ƙaramin sauti da babba a hankali, akwai kuma aski, wanda yake datse kan igiya. Bari in ba da lissafi don wanda bai saba ba. A ce ka sa iyakar da matsi zai fara aiki a desibel 20 ƙasa da sifili, ka sa kason matsi 4 bisa 1. Idan murya ta hau zuwa 8 ƙasa da sifili, ta haura iyakar da 12, na'urar za ta bar 3 kawai su wuce, sai muryar ta fita a 17 ƙasa da sifili. An rage 9 ke nan, kuma waɗannan 9 su ne sararin da kake samu ka ɗaga komai gaba ɗaya, har maganar mai sanyin murya ta taso. Wannan aikin hanyar intanet tana bukatarsa kamar yadda FM yake bukata. Abin da ba ta bukata shi ne dannewar siraran sautuka da askin ƙarshe. A madadinsu ana sa na'urar tsare ƙololuwa mai hangen gaba, wadda take jinkirta sauti na ɗan ƙanƙanin ɓangaren daƙiƙa don ta ga tsallen kafin ya iso, ta sauke ƙarfi a natse ba tare da ta datse komai ba. Manyan na'urorin zamani na kamfanonin Orban da Omnia suna da mafita biyu saboda wannan dalili, ɗaya ta FM, ɗaya ta dijital.

Mai Shirya Shiri, Damagaram:
Assalamu alaikum. Ni ba injiniya ba ce, shirye-shirye nake haɗawa, amma kunnena ne kayan aikina, kuma ina so in ƙara wani abu da lissafi bai taɓo ba. A watan azumi muna ɗauko tafsiri daga masallaci. Mai jan baƙi yana karanta aya, ya tsaya, malam ya ɗan yi shiru kafin ya fara fassara. Wannan shirun yana cikin karatun, mutane suna amfani da shi su haɗiye abin da suka ji. Da aka taɓa matse mana sauti fiye da kima, duk lokacin da aka yi shiru sai na'urar ta ɗauka sauti ya yi ƙasa, ta jawo ƙarar fanka da tarin jama'a da kukan yara a waje ta cika wurin da su, malam na buɗe baki kuma su nutse. Sai ka ji tashar tana sheƙa kamar mai haki. Wata tsohuwa ta aiko mana cewa karatun yana gajiyar da ita, ba ta san dalili ba, ni kuwa na sani.

Haka yake a kiɗan gargajiya. Daɗin kalangu yana cikin bugun farko, lokacin da makaɗi ya sauka a fata, sannan amon ya biyo baya yana hawa da sauka. Idan na'ura ta yi saurin cafke bugun, sai kalangun ya koma kamar ana dukan katifa. Har a magana ina jin haka a haruffanmu masu ƙarfin fita irin ƙ da ts, suna rasa kaifinsu. Baba Injiniya, na yarda mai kasuwa yana bukatar ya ji kowace kalma, amma ina roƙon a bar wa shiru haƙƙinsa.

Tsohon Injiniya, Kaduna:
Hajiya, abin da kika bayyana gaskiya ne, kuma yana da magani a jikin na'urar. Hakin da kika ji yana zuwa ne daga saurin saki: idan na'ura tana sakin matsi da gaggawa, to tana ɗaga duk abin da ta tarar a cikin shiru. Ana rage saurin, sannan a kunna ƙofar da ke sa ta tsaya cik a inda take idan sauti ya faɗi ƙasa da wani mataki, har mai magana ya dawo. Kalangu da ƙ da ts kuwa saurin kamu ne ya cinye su. A sassauta shi kaɗan domin bugun farko ya wuce kafin matsi ya sauka. Amma ina ƙara cewa rabin matsalar tafsiri a masallaci ake haifar da ita: idan makirufo ya yi nisa da bakin malam, ko aka ɗauki sauti daga lasifikar masallaci maimakon a jawo daga miksa, babu na'urar da za ta raba murya da fanka daga baya.

Mai Sauraro, Kumasi:
Gafara dai malamai, ni mai saurare ne kawai daga zango, amma da yake don irinmu ake wannan aiki, bari in faɗi abin da ya fi damuna. Ina jin labarai da iyafis a kunne, na daidaita ƙarfin yadda nake so, sai talla ta shigo kamar an buga mini ganga a cikin kai. In na rage, labarai su dawo ban ji su ba. Wannan ma matsin ne ke jawo shi?

Malamin Lantarki, Zariya:
Alhaji, tambayarka ita ce ta sa duniyar watsa shirye-shirye ta sauya ma'auni gaba ɗaya. A da ana daidaita shirye-shirye ne da ƙololuwarsu. Mai talla sai ya matse sautinsa har ya zama kusan kowane lokaci yana manne da ƙololuwa, mai karanta labarai kuwa sau ɗaya ɗaya yake taɓa ta. A mita tsayinsu ɗaya, a kunne kuwa tallar ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. A 2006 Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar da ƙa'idar BS.1770, wadda take auna ƙarfin sauti yadda kunnen mutum yake jin sa a tsawon lokaci, tana ba sautukan sama ƙarin nauyi, tana rage na can ƙasa. A 2010 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU, ta gina shawararta R 128 a kai, ta ce kowane shiri da kowace talla su tsaya a LUFS 23 ƙasa da sifili (LUFS shi ne sunan wannan ma'aunin ƙarfi yadda kunne ke ji), ƙololuwa ta gaskiya kuma kada ta wuce desibel 1 ƙasa da sifili. Ma'aunin yana tsallake wuraren shiru wajen lissafi, don kada shirun da Hajiya take karewa ya ja adadin ƙasa a tilasta wa mai shiri ya ɗaga murya. Amurka ta zaɓi 24 a ƙa'idarta ta A/85, har majalisarsu ta yi dokar CALM a 2010 kan ƙarar tallace-tallacen talabijin, ta fara aiki a Disamban 2012. Amfanin wannan tsari shi ne wanda ya matse sautinsa fiye da kima ba ya cin riba, domin za a sauke shi ya yi daidai da kowa, ya rage da kaushinsa kawai. Spotify da YouTube ma suna sauke abin da ya haura wajen 14 ƙasa da sifili. Mu ma abin ya shafe mu, tun da Najeriya ta fara sauya talabijin zuwa dijital a Jos a 2016, kuma mai kallo yana tsallakawa daga tasha zuwa tasha a akwati ɗaya.

Tsohon Injiniya, Kaduna:
A nan zan ɗan ja da kai Malam. Adadin 23 an yanke shi ne da tunanin talabijin a falo da manyan lasifikoki. Idan yaron nan ya sa layinsa a 23, mai waya a kasuwa zai murɗa ƙarfi har ƙarshe bai ji ba, ya koma wata tashar. Kuma layin da tasha take turawa daga kwamfutarta zuwa manhajarta babu wani Spotify a tsakani da zai daidaita ta da maƙwabtanta. Abin da ka tura shi mutum zai ji.

Malamin Lantarki, Zariya:
Ka yi gaskiya Baba, kuma masana sun ga wannan giɓin. A 2015 ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta ba da shawara ta musamman ga masu watsawa ta intanet, cewa su tsaya tsakanin 16 da 20 ƙasa da sifili, daidai saboda ƙarancin ƙarfin wayoyi. Apple ma 16 yake nema ga shirye-shiryen murya da ake ɗorawa a dandalinsa. Saboda masu sauraronmu ni 16 zan zaɓa. Inda ba zan bi ba shi ne a haura zuwa 10 ko 9 ƙasa da sifili don a fi maƙwabta ƙara, domin ba a isa can sai da askin da muka fara magana a kansa.

Tsohon Injiniya, Kaduna:
Ni da zan kai 14 a shirye-shiryen rana, lokacin da gari ke hayaniya, in sauko da dare. Amma 16 ba ta yi mini nisa ba, kuma na fi son ta a kan abin da yake turawa yanzu.

Mai Shirya Shiri, Damagaram:
Akwai wani abu da mu masu shiri muke jawowa da hannunmu, gara in faɗa. Wakili yana aiko rahoto ta WhatsApp, wanda ya riga ya rage nauyinsa da kodek ɗin Opus. Mu mayar da shi MP3 mu ajiye, a watsa shi, sannan kwamfutar intanet ta sake rage nauyinsa da wani kodek na uku. Kowane zagaye yana yar da wani abu, na gaba kuma yana aiki a kan raunin na baya. Yanzu idan rahoto ya iso ina mayar da shi WAV nan take, tsarin ajiya wanda ba ya yar da komai, in yi duk gyarana a haka, in daidaita ƙarfinsa da Audacity, wadda kyauta ce kuma tana da ma'aunin LUFS. Tallace-tallace ma haka nake bi da su kafin su shiga jerin watsawa, ko da mai tallar ya kawo tasa da ƙara.

Ɗan Situdiyo, Kano:
Malamai, na dawo da rahoto bayan kwana huɗu. Na'urarmu tsohuwa ce, ba ta da mafitar dijital, don haka na raba sauti tun daga miksa: reshe ɗaya ya tafi FM yadda yake a da, ɗayan ya shiga kwamfuta. A can na sa mai daidaita ƙarfi a hankali tare da ƙofar da Baba ya ambata, sai matsi mai sauƙi na 3 bisa 1, sai mai tsare ƙololuwa mai hangen gaba a desibel 2 ƙasa da sifili. Na ɗauki awa ɗaya na tsohon layin na auna da manhajar ffmpeg, ta ba ni wajen LUFS 9 ƙasa da sifili, sabon kuma na tsayar da shi a 16. Ban ƙara kilobit ko ɗaya ba. Na saurara da ƙaramar waya a bakin titi da yamma, labarai suna fita sarai, suyar nan ta s ta ragu ƙwarai, kalangu kuma ya dawo da bugunsa. Shugaban sashenmu ya lura cewa layin bai kai da ƙara ba, na nuna masa bayananku, ya amince mu gwada wata ɗaya mu ji daga masu saurare.

Abin da ya rage mini shi ne masu kiran waya a shirin safe. Muryarsu tana zuwa siririya, wani da ƙarfi wani can ƙasa, kuma mai daidaitawar yana ɗaukar daƙiƙa biyu ko uku kafin ya kamo su, har gaisuwarsu ta wuce.

Tsohon Injiniya, Kaduna:
Wannan kada ka nemi maganinsa a ƙarshen layi, ɗana, domin in ka ƙara wa mai daidaitawar sauri saboda masu kira, hakin da Hajiya ta yi kuka da shi zai dawo a sauran shirye-shirye. Layin waya na gargajiya yana ɗaukar sauti ne daga haz 300 zuwa 3400 kawai, don haka siririyar muryar ba laifinka ba ce. Ka sa wa layin wayar da ke kan miksa nasa matsin daban, mai ɗan ƙarfi da saurin kamu, ta yadda kowane mai kira zai iso daidai da mai gabatarwa kafin su haɗu. Sannan wanda ke karɓar kira ya riƙa gaisawa da mutum a bayan fage yana kallon mita, ya daidaita shi kafin a sa shi a iska. Ka gwada wannan a shirin gobe, ka ɗauko mana minti biyar mu saurara.